Mutanen bayan gishe: in muna so su riƙe ɗiyanmu da kyau, a fara riƙe su da kyau



Kowace shekara in sakamakon BAC ya fito, maganar gari guda ce: kashi nawa sunka samu, wace jaha ta zo gaba, ɗan wane ya ci tun zagayen farko. Bayan ƴan makonni sai hira ta koma kan burs, da ɗakin kwana a kampus, da ko malamai za su shiga yajin aiki. A tsakanin nan akwai wasu mutane da duk mai sabon BAC sai ya bi ta hannunsu kafin a kira shi ɗalibin jami'a, amma ba ka jin an ambace su sai in za a zage su. Ina nufin ma'aikatan sikolarite, masu amsar dosiye, su rubuta suna, su ba da kati. Kansu nake so mu yi magana yau, musamman kan shugabanninsu. Abin da na lura da shi cikin shekarun da na yi ina aikin rediyo shi ne, yadda shef ya riƙe ma'aikacin da ke bayan gishe, haka ma'aikacin yake riƙe yaron da ke tsaye gaban gishe.

Mu fara da nauyin da ke kansu. Iyayenmu da sunka yi karatu mai zurfi cikin ƙasar nan, ƙofa guda sunka sani, ita ce Yamai. An kafa cibiyar karatu mai zurfi a 1971, ta zama jami'a a 1973, a 1992 anka sa mata sunan Abdou Moumouni. Sai jami'ar Musulunci ta Say da ta buɗe a 1986. A 2010 ne Maradi da Tawa da Damagaram sunka samu nasu, waɗanda yau muke kira Dan Dicko Dankoulodo, Djibo Hamani da André Salifou. A 2014 anka ƙara Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Jami'o'in gwamnati takwas ke nan a lokacin. Ƙidayar 2012 ta ba mu mutum miliyan 17 da ƴan kai, yau mun haura miliyan 25, kuma kusan rabinmu ba su kai shekara 15 ba. Ke nan layin da ka gani gaban gishe bana, na baɗi ya fi shi tsawo. Ga kuma tsarin LMD da ya raba shekara gida biyu, kowane zango da kiredi 30, sai ɗalibi ya tara 180 ya samu lisans. Kowane kiredi sai wani ya rubuta shi, ya adana shi, ya fiddo shi ranar da anka nema.

Wanda bai taɓa zama wajen ba yana ganin aikin kamar amsar takarda ne da buga hatimi. To ku duba dosiye guda. Akwai takardar haihuwa, akwai takardar shaidar zama ɗan ƙasa, akwai atestasiyo ta BAC da takardar maki, ga hotuna, ga shaidar biyan kuɗin rajista. A takardar haihuwa yaro Mahamadou ne, a ta BAC Mahamane, shi kuma ya cika fam da hannunsa ya sa Mamane, don haka ake kiransa a gida. Wani an haife shi a ƙauye ba a yanka mishi takarda ba sai da zai yi jarrabawar firamare, takardarsa ta alƙali ce, shekara kawai ke jiki, babu rana babu wata. Wata sunan uba ne gaba a takarda guda, a ɗayar kuma sunanta ne gaba. Ma'aikacin da ke da natsuwa shi ke ganin waɗannan, ya ce ma yaro tafi ka gyara tun yanzu. Wanda ransa ke ɓace sai ya shigar da abin yadda ya zo. Ba a ganin illar ranar nan. Sai lokacin da dosiye na burs ya tafi ANAB suna bai dace ba, ko bayan shekara uku a buga difloma da sunan da ba na mai ita ba, ya je konkur a maido shi. Harafi guda na iya cinye ma yaro shekara.

A shirinmu na kiran waya, in lokacin rajista ya zo, ba ma sai mun nemi batu ba. Uba zai kira daga wajen Tasawa ya ce ya sai da akuya ya yi ma ɗansa kuɗin mota, yaro ya kwana uku a tasha, kullum sai a ce ya dawo gobe. Yarinya za ta kira daga Madawa ta ce an jefo mata dosiye ta taga, ba a ko gaya mata abin da ya rage ba. Kukansu gaskiya ne, kuma ina sa shi a iska yadda ya zo. Amma ni ina da kunne na biyu, don wata yayata, ɗiyar wan babanmu, ta yi shekaru tana wannan aiki a wata makarantar gaba da BAC da ba zan faɗi sunanta ba. Ta yi zamani da shugabanni biyu, kuma abin da na ji daga bakinta, da wanda na gani da idona in na biya wajenta, shi ne ginshiƙin wannan rubutu.

Zamanin shef na farko, in na shiga birronsu nakan iske mutum biyar kan kwamfuta biyu. Injin buga takarda guda ne, shi ma tawada ta ƙare, an rubuta takardar neman wata tun watan da ya wuce. Kuran ya ɗauke, fanka ta tsaya, bayan taga ga yara sun fi ɗari cikin rana suna bugun ƙarfe. Shef na can sama cikin ɗakinsa mai sanyi. Ba ya saukowa sai in an kai ƙara, in kuwa ya sauko to a gaban ɗalibai zai wanke ma'aikaci tas. Kuɗin ƙarin aiki na lokacin rajista ana jin labarinsu, amma ba wanda ya san nawa ne, wa zai samu, yaushe za su fito. Wata rana na ce mata: "Yaya, mutane na kuka da ku fa a rediyo, wai ba ku sakin fuska." Ta dube ni ta ce: "Kai ɗan rediyo, tun safe ko ruwa ban sha ba. Wa ya sakar mini huska, balle in sakar ma wani?"

Ban kawo wannan don in wanke mai wulaƙanta ɗiyan mutane ba. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutum ba ya ba da abin da ba a ba shi ba.

Akwai wani masani ɗan Amurka, Frederick Herzberg, da ya fitar da bincikensa a 1959 bayan sun yi hira da injiniyoyi da akantoci wajen 200 a yankin Pittsburgh. An tambaye su yaushe sunka fi jin daɗin aikinsu, yaushe kuma sunka fi jin haushinsa. Abin da ya gano shi ne abubuwan biyu ba daga rijiya guda suke fitowa ba. Haushi na fitowa daga albashi, da yanayin wurin aiki, da dokokin ma'aikata, da halin shugaba. Jin daɗi kuwa na fitowa daga aikin kansa: mutum ya ga ya cim ma wani abu, a san da shi, a ba shi amana, ya ga hanyar ci gaba. In ka gyara na farko ka cire ma mutum ƙaya ne daga ƙafa, amma cire ƙaya kaɗai ba ya sa shi gudu. In kuma ka tsallake na farko ka zo kana yabo da jawabi, mai ƙaya a ƙafa ba ya jin ka. Yayata ba ta taɓa jin sunan Herzberg ba, amma labarin da ta ba ni na shef na biyu kamar daga nan anka kwaso shi.

Shi wannan bai zo da ko dala ta ƙarin albashi ba. Albashi ba a hannunsa yake ba, kowa ya san daga inda yake fitowa. Abin da ya fara yi, wata guda kafin a buɗe rajista ya tara su duka, har da mai gadi da mai shara da yaran da ke bautar ƙasa, ya ce: "Ku kuka san inda ɗakin nan ke yoyo. Bara mi ya fi ba ku wahala?" Da farko kowa ya yi shiru, don ba a saba ba. Daga baya baki ya buɗe. Wani dattijo da ya fi shekara ashirin a wajen ya ce rabin layin da ake gani na masu tambaya ne kawai, ba na masu aje dosiye ba. Sai anka rubuta jerin takardun da ake buƙata da manyan haruffa anka manna a ƙofar shiga, anka aje tebur guda ƙarƙashin bishiya, mutum biyu na duba dosiye kafin yaro ya shiga layi. Wata ta ce a raba ranaku bisa fanni, kada kowa ya zo rana guda. Anka yi hakan, anka aiko mamu da sanarwa gidajen rediyo muka karanta da Faransanci da Hausa. An sayi tawada da takarda tun kafin ranar, don ba a fafe gora ranar tafiya. An tsara wa zai tashi cin abinci da salla ƙarfe nawa, wa zai riƙe mishi gishe, yadda taga ba ta rufuwa kuma ba wanda ke wuni da yunwa.

Ku lura, shawarwarin nan duka daga bakin ma'aikata sunka fito. Shekara da shekaru suna cikin kansu, ba wanda ya tambaya. Ranar da dattijon nan ya ga teburin da ya ba da shawara an aje shi, layi ya ragu, shi ke fara zuwa da safe ya share wajen da kansa. Mutum ba ya bari abin da ya haifa ya mutu.

Sai maganar kuɗin ƙarin aiki. Shef bai ƙara yawansu ba, amma ya fiddo su fili. Ya manna takarda a bango: ga abin da anka ware, ga yadda za a raba bisa kwanakin da kowa ya yi, ga lokacin da ake sa ran fitowarsu. Da lokacin ya wuce ba su fito ba, shi da kansa ya riƙa hawa wajen masu kuɗi yana bi, in ya dawo ya gaya musu inda takarda ta tsaya. Yayata ta ce jika goma da ka san ranar zuwanta ta fi jika talatin da kake ji a bakin mutane. Ya kuma sa sunan yaran bautar ƙasa da masu koyon aiki cikin rabon, don su ne ke shan rana ƙarƙashin bishiya. A ma'aikatunmu da yawa waɗannan yara su ke ɗauke da rabin aiki, amma in rabo ya zo sai a manta da sun taɓa zuwa.

Yanzu ga inda na fi so shugabanni su saurare ni da kyau, don a ganina nan ne zuciyar maganar. Abin da ya fi kashe gwiwar ma'aikacin rajista a ƙasar nan shi ne alfarma. Yana zaune yana gaya ma ɗan talaka cewa lokaci ya ƙure, ko fannin ya cika, ko takardarsa ba ta cika ba, sai ga ƴar takarda daga sama: a duba wannan, ɗan wane ne. Ko waya ta yi ƙara, wani babba ne, ko abokin shef, ko surukinsa. Ma'aikaci ya tashi ya bar layi ya yi ma wanda ko rana bai sha ba. Yaran da ke tsaye suna gani. Daga ranar nan duk dokar da ya faɗa musu ƙarya ce a kunnensu, shi ma a ransa ya san haka. In anka maimaita sau goma, sai ya ce ma kansa: tunda shef na yi ma nasa, ni ma bari in yi ma nawa. Daga yi ma nawa sai a koma yi ma mai ba da na goro. Hanyar ke nan, kuma daga sama take farawa.

Shef na biyu ya ce musu tun ranar farko: "Duk wanda ya kira ku, ko wane ne, ku ce ba ku da iko, ku ba shi lambata." Kuma ya cika. Yayata ta ba ni labarin ranar da wani babban mutum ya aiko direbansa da dosiye bayan an rufe rajistar wani fanni. Direba ya tsaya kanta yana cewa Alhaji ne ya aiko. Ta ce: "Malam, ka yi haƙuri, hau sama wajen shef." Shef ya sauko da kansa, ya gaida direba da mutunci, ya ce: "Ka gai da Alhaji. Ka ce mishi akwai yara goma sha da sunka makara kamar nashi, na rubuta sunansu na kai ma magabata. In an buɗe musu, nashi na ciki. In ba a buɗe ba, to sai haƙuri." Ta ce ranar nan ba wanda ya yi maganar a birro, amma kowa ya zauna har bayan la'asar sakaliya ba tare da an roƙe shi ba. Sun ga akwai wanda ya tsaya tsakaninsu da guguwa.

Na san za a ce mini faɗi ya fi yi sauƙi. Shi ma shef yana da na sama da shi, kuma a ƙasarmu wanda ya ce a'a yana iya tashi da safe ya ji an maida shi wani wuri. Gaskiya ne. Shi ya sa bai kamata a bar shi shi kaɗai ba. In ƙa'idar shiga kowane fanni a rubuce take, an manna ta, kwamiti ne ke zaɓe, kuma jerin waɗanda anka ɗauka yana bango kowa na gani, to shef na da abin da zai nuna ma mai matsa mishi. Rektoci da shugabannin tsangayoyi su ne za su gina wannan katanga. Ma'aikacin gishe ba ya iya kare doka in wanda ya rubuta ta shi ke fara tsallake ta.

Abu na gaba shi ne yadda ake gyara kuskure. A wajen da ake shigar da suna dubbai cikin ƴan makonni, kuskure dole ne. Shef na farko kan tsaya gaban taga ya ɗaga murya: "Wane sakarai ya yi wannan?" Sakamakon haka kowa ya koyi ɓoye kuskurensa, har sai ya girma ya fashe a hannun ɗalibi bayan shekaru. Na biyu kan kira mutum ɗaki ya rufe ƙofa, su duba tare, ya tambaya ta yaya abin ya faru. Sau da yawa sai a tarar gajiya ce, mutum ya wuni yana kallon allon kwamfuta. Sai ya kawo tsarin wani ya shigar, wani ya duba, kuma ɗalibi ya karanta sunansa da ranar haihuwarsa da idonsa ya sa hannu kafin a buga kati. In kuwa yabo ne, a gaban kowa yake yinsa, kuma da suna, da abin da mutum ya yi: "Hajiya, jiya ke kika gano takardar BAC ɗin nan ta jabu, kin fid da mu kunya." Yabon gwani ya zama dole, amma yabon da ke shiga rai shi ne wanda ya nuna an ga abin da ka yi. "Kun yi ƙoƙari" da ake watsa ma taro a ƙarshen shekara iska ke tafiya da shi.

Haka ma maganar horo da tafiye-tafiyen aiki. Kowa ya san yadda abin yake a ma'aikatunmu: in horo ya zo a Yamai mai kuɗin guzuri, fuskokin nan dai su ke tafiya, wani lokaci ma waɗanda ba su taɓa zama gishe ba. Wanda zai yi aiki da abin da anka koyar yana nan zaune. Yanzu da rajista ke komawa ta intanet sannu a hankali, wannan ya ƙara zama babban lamari. Ma'aikacin da ya yi shekara ashirin da babban littafi da biro yana jin tsoro a ransa, ko bai faɗa ba, cewa na'ura ta zo ta kore shi. In ba a koya mishi ba zai yi ta jan ƙafa, a ce ba ya son ci gaba. Shef mai hankali kan haɗa dattijo da matashi tebur guda. Yaron ya san kwamfuta, dattijon ya san takarda, da ya taɓa ta ya kalli hatimi ya san ta gaske ce ko ta kasuwa. Kowa ya koya ma ɗan'uwansa, kowa ya ji yana da amfani. Kuma a yi jerin tafiya horo bi da bi, a manna, wanda ya je ya dawo ya koya ma saura.

Akwai wani abu da ba ya cin ko sisi amma ban cika ganin ana yinsa ba. Ma'aikacin rajista yana ganin farkon labari ne kawai. Yana ganin yaro ranar da ya zo a tsorace, da dosiye cikin leda, bai san ko ina ba. Ba ya ganin ranar da yaron ya zama likita a Dakoro, ko malamin lise a Magarya, ko injiniya. Ranar bikin ba da difloma malamai ne a gaba da rigunansu, manyan baƙi a kan kujeru, shi kuwa wanda ya buga takardun da ake miƙawa yana birro, ko gayyata babu. Shef na biyu ya sa anka aje musu kujeru, anka ambaci sarwis ɗinsu a lasifika. Yayata ta ce ranar wata yarinya ta rungume ta, ta ce: "Tanti, ba ki gane ni ba? Ke kika ce in koma in gyara sunan babana, har na yi fushi." Ta ce da ta koma gida sai da ta yi hawaye. Wanda ya ga inda aikinsa ke zuwa, gobe in ya ɗauki dosiye ya san ba takarda kaɗai ya riƙe ba.

Wani zai ce, to ba albashi suke ɗauka ba? Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi mishi aski. Haka ne, kuma ban ce a lallashi mai cin hanci ko mai zuwa ƙarfe goma ya tashi sha biyu ba. Hasali ma barin irin waɗannan ba hukunci yana cikin abin da ke karya masu gaskiya. In mutum biyu na birro guda, ɗaya na aiki ɗaya na waya, ƙarshen wata su ɗauki abu guda, ƙarshen shekara a ba su maki guda, to an gaya ma mai aikin cewa shi ne wawa. Shef na biyu ya taɓa cire wani daga gishe bayan an kama shi yana amsar kuɗi don ya tsallakar da dosiye, ya rubuta rahoto ya kai sama, duk da roƙon da anka yi ta yi. Sauran ba su yi baƙin ciki ba. Albashi na sayen zuwan mutum wurin aiki. Ya ɗaga kai ya dubi yaro ya ce "ɗana, takardar nan ce ta rage, tafi meri a buga maka hatimi ka dawo, zan riƙe maka wurinka", wannan ba ya cikin takardar albashi. Daga zuciya yake fitowa, kuma zuciyar sai an kula da ita.

Ina kira ga duk mai riƙe da wani sarwis na rajista, a jami'ar gwamnati ko makaranta mai zaman kanta, ya gwada abu guda a rajistar da ke tafe. Ranar da layi ya fi tsawo, ya sauko ya zauna gishe awa biyu. Ya amshi dosiye da hannunsa, ya ji zafin ɗakin, ya ji tambaya guda sau hamsin, ya ga yadda kwamfuta ke tsayawa in rezo ya tafi. Ba sai wani ya rubuta mishi rahoto ba bayan nan, gani ya kori ji. Ma'aikatansa kuma ba za su manta ba.

Mu ma iyaye da ɗalibai akwai namu. Mu karanta sanarwa kafin mu taso daga gida, mu duba sunan yaro a takardunsa duka tun yana tarminal, mu daina neman wanda ya san wani. Duk lokacin da ka ɗauki waya don a tsallakar da naka, ɗan wani ka tura baya, kuma ka ƙara ma wani ma'aikaci dalilin cewa gaskiya ba ta biya. In ka iske wanda ya yi maka aiki da mutunci, ka ce mishi na gode, in da hali ka gaya ma shef ɗinsa. Mu ƴan rediyo ma layinmu a buɗe yake ga yabo, ba ga ƙorafi kaɗai ba.

Yaron da ya taso daga Ƙonni ko Matamai ko Gure, wataƙila shi ne na farko a gidansu da ya taka jami'a. Kafin ya ga rekta, kafin ya ji darasin farfesa ko guda, fuskar da zai fara gani ita ce ta mutumin bayan taga. Daga wannan fuska zai yanke ko wurin nan nasa ne ko na wasu. Shugaban da ke so fuskar ta kasance a sake, ya san daga inda zai fara.

In akwai ma'aikatan sikolarite cikin masu karanta mu, ku gaya mamu abin da na bari, ba sai kun faɗi sunan kowa ba. Allah shi ba shugabanninmu ikon adalci, shi ba ɗiyanmu sa'ar karatu. Sai wani jiƙon.